Hannun da Falke Bai Gane Ba

An ruwaito a cikin tsofaffin littattafai, irin waɗanda gara ta ci rabi ta bar mana rabi, cewa wani sarki ya gina gidan jinya a birninsa, ya naɗa wa Malam Haladu rawanin shugabancinsa. Malam Haladu masani ne na gaske, babu saiwar da bai san sunanta da Larabci ba. Sai dai ba ya shiga ɗakunan majinyata. A zaure yake zama kan buzu, a faɗa masa ciwon mutum, ya rubuta magani, a kai. Haka aka yi shekara goma sha ɗaya.

Wata rana wani falke mai suna Gambo ya zo fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, godiya na zo yi. Bara na shigo garin nan da ciwon ido da gudawa, abokan tafiya suka ajiye ni a gidan jinya suka wuce. Kwana arba'in idona na ɗaure da ƙyalle. Akwai wani bawan Allah da ke goya ni zuwa bayan gida, ya wanke ni, ya ba ni kunu a baki. Ranar da na ɓata shimfiɗa ina kukan kunya, ya ce, 'Yi shiru, Falke, raƙumanka ma suna yi, ba ka kore su ba.' Ban ga fuskarsa ba, don tun ido na ɗaure 'yan'uwa suka ɗauke ni. Amma na ji kowa na neman shawararsa, na san shi ne shugaban gidan."

Sarki ya ji daɗi, ya sa aka kira Malam Haladu, aka maimaita masa labarin. Malam ya san bai taɓa goya kowa ba, har 'ya'yan cikinsa. Amma fada cike take, kuma ba kullum ake yabon mutum a gaban sarki ba. Ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Falke ya kama hannunsa da hannu biyu, ya shafa tafin, ya ji shi da laushi. Can ya ce, "Allah gafarta Malam, lalle hannun nan ya huta tun bara."

Wasu fadawa suka kama tari. Sarki ya dubi Malam ya ce, "Tambaya ɗaya gare ni. In ka amsa, rawaninka ya zauna. Taku nawa ne daga ɗakin masu gudawa zuwa bayan gida?"

Gumi ya tsattsafo wa Malam ƙarƙashin rawani. Yana iya faɗin kowane adadi, babu mai zuwa awo a lokacin. Amma falke bai saki hannunsa ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Ban taɓa takawa ba. Barmo wanzami za a tambaya, shi ya yi jinyar mutumin nan."

Aka zo da tsoho Barmo, hannun rigarsa a jiƙe. Ya ce, "Talatin da biyu ne, ranka ya daɗe, in kai kaɗai ne. In da mutum a bayanka, hamsin, don akwai dakalin da ya fashe, sai an kewaye. Na faɗa a zaure sau uku." Falke na jin muryar ya saki hannun Malam.

Sarki ya ce a kwance rawanin a naɗa wa Barmo. Barmo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ban iya karatu ba. In aka naɗa ni, zan kashe mutane da kyakkyawar niyya. A bar masa, maganinsa yana ci. Ya dai riƙa shigowa, don rabin bayanin da ake kai masa zaure a hanya yake zubewa."

Sarki ya amince. Ya yafa wa Barmo alkyabba, ya ce daga yau ba a yanke komai a gidan sai da shi.

Kashegari Malam Haladu ya naɗe hannun riga, ya ɗauki ƙwaryar ruwa ya shiga ɗakin farko. Wani tsoho da ya shekara uku yana jinyar gyambo ya ɗago ya dube shi.

"Sannu da aiki. Baƙo ne kai a gidan nan?"

"Baƙo ne, Baba," in ji Malam. Ya durƙusa. "Miƙo ƙafar in gani."

Masu ruwaya suka ce darasin a fili yake: wanda aka ɗora a kan marasa lafiya, baransu aka ɗauke shi ya zama, ko da rawani a kansa. Malam Haladu ya daɗe da sanin haka, har yakan koyar da shi. Allah shi ne mafi sani.