Hoton Da Aka Manna A Ƙofar Stoicho

Akwai wani mai ɗaukar hoto a garinmu Kazanlak na Bulgeriya, sunansa Zdravko. Bukukuwan aure yake ɗauka, da wata ƙatuwar kyamara da sai an tallabe ta hannu biyu. Unguwarmu ɗaya, kuma har yau in na tuna abin da ya yi raina ɓaci yake.

Mahaifinsa Stoicho ya fara ramewa, likita ya ce zuciya ce. A nan kuwa in mutum ya rasu, takarda ake bugawa da hotonsa a manna a ƙofar gida da jikin itatuwa. Wannan ne ya tsaya wa mahaifiyarsa Penka a rai.

Ta ce, "Zdravko, raka ni shago ka zaɓa mini ƙaramar kyamara mai shiga aljihu. Yatsuna ba sa jituwa da wayar nan. Ba na son a manna babanka da hoton katin shaida, fuska a murtuke."

Ya tuntsire da dariya. "Mama, kin haifi gwani za ki sayi kayan wasan yara? Kar ki ja mini abin faɗa. Ran Lahadi zan zo da ta gaske."

Lahadi kuwa ranar biki ce. Lahadi biyar suka wuce, ko ƙeyarsa ba a gani ba.

Penka ta tafi ita kaɗai. Ta sa mai shago ya jera mata guda uku, ta cire tabarau, ta ɗauki wadda ta iya gano madanninta da lalube. Ta jefa ta aljihu, ta sunkuya kamar mai cirar ciyawa. Ba ta faɗo ba, ta saya.

Da gwani ya ga dama ya leƙo, ta nuna masa hotunan da ta ɗauka. Ya taɓe baki. "Wannan a karkace. Wannan kin yanke masa kunne. Goge su kawai."

Stoicho ya ce a hankali, "To ɗana, ina taka?"

"Tana mota, Baba. Hasken yau ba kyau."

Mota tana bakin ƙofa fa! Taku goma ya gagari ɗan nan.

Lokacin tsinkar inabi Stoicho ya rasu. Zdravko ya binciki hotunansa kaf: dubban iyayen wasu suna rawa, nasa uban babu ko ɗaya. Ya zo wurin uwarsa kai a ƙasa.

Penka ba ta raga masa ba. "Me ka zo nema? Kayan wasan yara? Mutumin nan wata biyu yana aske gemu kowace Lahadi, ya sa farar riga ya zauna jiranka. Ni na wanke ta, ni na goge."

Ita ta zaɓi hoton da kanta, mai yankakken kunnen nan. Stoicho ne a lambu, riƙe da tumatir, yana dariya har da wawulo.

Ranar da aka manna, wani maƙwabci ya dafa kafaɗar Zdravko. "Stoicho sak! Kai ka ɗauka, ko?"

Zdravko ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Mama ce."

Darasi: Kar ka raina ƙaramin abin da ke hannun mai ƙauna, kuma kar ka ce wa iyayenka sai Lahadi. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye, ya je yau.