Lambar Ranar Asabar

Wai akwai wani Ɗanliti, dillalin kamfanin da ke sayar da tikitin cacar gwamnati a bakin tasha. Rannan ya je sabunta lasisi, sai shugaban hukumar cacar ya ture takardar gefe.

"Ba zan sa hannu ba sai ka faɗa mini lambar da za ta ci ranar Asabar."

Ɗanliti ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, dokarku ce ta ce wanda ya faɗi lamba da wanda ya ji, duk ɗauri ne. Ni dai na saba kwana a ƙasa. Ta farko bakwai…"

"Kai, rufe mini baki!"

"Ta biyu kuwa…"

Shugaba ya toshe kunne, ya fizgo takardar ya rattaba hannu.