Guguwar Ruwa a Bayan Dutse

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

A wani ƙauyen masunta a bakin Kogin Kwara an yi wani mutum, Nomau, mai kamun kifi a kan gora, irin ƙaton nan da masunta ke kifa ciki a kai su yi iyo. Mutumin kirki ne, sai dai akwai kunnen ƙashi. Wata rana da hantsi, kogi ya cika ya batse, ya bi wani ƙaton kifi har bayan dutsen tsakiyar ruwa. Nan guguwar ruwa ta kama shi, ta shiga juyi da shi kamar ana dama kunu. Ya yi iyo har hannuwansa suka mutu. Ya rungume goransa, ya tuna 'yarsa da ko suna ba a yi ba, sai hawaye. Wallahi abin tausayi.

Yayarsa Kulu tana sheƙar shinkafa a gaɓa. Ruwan jawur yake, ba mai gane inda ya dosa. Sai ta kinkimi ƙaiƙayin ta ruga ta gaɓa har saitin inda ruwan ke gangarowa dutsen ta watsa. Ƙaiƙayi ya bi ruwa ya zana komai a fili. Ashe guguwa biyu ne suke zagaya juna, ga kuma ta uku can gefe.

Babban wansu Arzika, wanda ciwon ƙafa ya raba da kwalekwale shekara goma, ya dubi zanen. Ya ga biyun duk hagu suke juyawa, ya san irinsu haɗewa suke yi su zama babba guda. Ya kuma san in za su haɗe sukan saki wutsiya, ta watsar da abin da ke gefe. Ya ƙwala kira: "Nomau, saki goran nan! Yi baki-baki, tsakiya halaka ce!" Nomau ya ji kamar ransa aka ce ya saki, amma ranar dai ya ji magana. Guguwa suka haɗe, gora ya tarwatse a jikin dutse, wutsiyar ta cilla shi gefe. Sai dai ƙarfinsa ya ƙare, ya fara nutsewa.

Ƙaninsu Jatau, gwanin tuƙi, ya lura ta ukun hannun dama take juyawa, babbar kuwa hagu. Tsakanin guguwa biyu masu saɓanin juyi kuwa, ruwa miƙewa yake yi kamar hanya, siririya ƙwarai, in ka kauce taku ɗaya ka tafi ke nan. Ya yi bisimilla ya cusa kwalekwalensa ciki. Ruwa ya harba shi har kan Nomau, ya cafko shi ta gashi.

Da Nomau ya farfaɗo ya amayar da ruwa, sai ya rantse cewa wanda ya ceci ransa shi zai zaɓa wa jaririyar suna. Ga suna gobe, an ɗaure rago, liman yana jira, yarinya kuma ɗaya ce.

To jama'a, mai ƙaiƙayi, ko mai kira, ko mai kwalekwale: wa Nomau zai ba?