Atishawar da Ajimi Ya Danne a Kasuwar Tattasai

Akwai wani manomin tattasai a garin Diffa, sunansa Ajimi. Gonarsa tana bakin kogin Komadugu, tattasansa yana da kyau, amma abin da ya fi fito da sunansa a kasuwa shi ne ba ya atishawa.

Kada ku yi dariya, jama'a. Wanda bai taɓa shiga kasuwar tattasai ba ba zai gane girman maganar ba. In aka fara zazzage busasshen tattasai ana ɗurawa a buhu ana tattakawa, ƙurarsa takan tashi ja wur, ta shiga ido, ta shiga maƙogwaro. Baƙo yana sa ƙafa zai kama atishawa yana hawaye, 'yan kasuwa su yi ta tsokanarsa. A wurinsu mai atishawa sabon shiga ne, sabon shiga kuwa ba a sauraron bakinsa wajen ciniki.

Shi Ajimi sai ya cusa fuska cikin buhu, ya ja numfashi, ya ɗago ko gezau. Ɗan tari yakan yi, amma tari ba a lissafa shi. Har suna suka laƙaba masa, Hancin Ƙarfe, sunan kuma ya shiga kansa ƙwarai. In ya ga wani yana atishawa sai ya ce, "Koma gida ka sha kunu, nan wurin manya ne."

Abin da kasuwa ba ta sani ba, matarsa Meram ta sani. Hancin nan a toshe yake. Shekara da shekaru da baki mutumin yake numfashi. Ba ya jin ƙamshin miya, ba ya jin turaren wutar da take sa wa ɗaki. Goshinsa da kumatunsa kullum kamar an ɗora masa dutse, in ya yi sujada sai ya ji fuskar tana neman faɗowa.

Da ciwon kai ya kai shi ƙasa har ya kasa zuwa gona, sai aka tura shi Damagaram wajen likitan hanci, Dokta Nuraddin. Aka ɗauki hoton kansa, likita ya nuna masa.

"Malam Ajimi, kowane mutum yana da ramuka cikin ƙashin fuska, gefen hanci da goshi. Naka sun cika da tsiron nama da mugunya. Magani ya kasa, sai aiki."

Ajimi ya shafa fuskarsa. "Tsaga mini fuska za ku yi?"

"Ko ƙwarzane ba za ka gani ba. Ta ƙofar hanci za mu shiga da ɗan siririn ƙarfe mai fitila. Za a sa ka barci, ka farka an gama."

Haka kuwa aka yi. Ya farka maƙogwaro a bushe, hanci cushe da auduga, ga wata an manna masa a ƙasan hanci tana tare ruwa mai jini-jini. Ya tsorata da jinin, aka ce masa wannan kaɗan ɗin kowa yana yin sa. Kansa ya yi nauyi, jikinsa ya mutu kamar wanda ya wuni yana ban ruwa.

Ranar da aka zare audugar, iska ta bi ta hancinsa da sanyinta har tsakar ka. Ajimi ya riƙe gefen gado, ya sake ja, ya sake ja. Babban mutum da gemunsa, sai ga hawaye.

Kafin a sallame shi, likita ya zaunar da shi da Meram.

"Aikina ya yi kyau, saura naka. Ciki ɗanye ne. Tsakanin inda muka yi aiki da idonka, ƙashin bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. Kada ka fyace majina. Kada ka ɗauki kaya mai nauyi, kada ka sunkuya. Ka kwanta kai a sama, ka riƙa wanke hancin da ruwan gishirin da za mu ba ka. Zai sake toshewa na ɗan lokaci, ɓawo zai fito, wani lokaci da gudan jini. Wannan duk hanyar warkewa ce, in ka dawo ni zan share maka."

"Salla fa?"

"A zaune, da ishara. Alwala ma a hankali, ban da shaƙa da fyacewa da ƙarfi. In atishawa ta zo, buɗe baki ka bar ta ta fita. Kada ka kuskura ka danne ta."

Ajimi ya yi murmushi. "Likita, ni ba na atishawa. Tambayi Diffa."

"Wancan hancin ne ba ya yi. Wannan sabo ne. Mece ce sana'arka?"

"Tattasai."

Likita ya ajiye alƙalami ya dube shi da kyau. "To kasuwar nan, ko hanyarta kada ka bi sai na ba ka izini. In ka ga jini yana zuba bai tsaya ba, ko ido ya kumbura, ko gani ya canza, kada ka jira komai, asibiti kai tsaye."

Suka dawo Diffa ana tsakiyar kwashe tattasai daga shanya. Ƙanensa Babagana ya riƙe gona da ciniki. Meram kuwa ta tsaya tsayin daka. Ta daina sa turare, ta kai murhu bayan gida, ta jera masa matasan kai. Wata safiya tana dafa shayi can nesa, ya kira ta ya ce, "Citta kika sa?" Ta tsaya riƙe da buta tana dubansa, don rabon da ya ji ƙamshin wani abu tun 'yarsu Bushra tana goye.

Sauƙi yana zuwa, amma zaman yana cin ransa. Salla a kan kujera ita ta fi ƙona masa zuciya, har yakan sa a sakaya ƙofa kada masu dubiya su gan shi.

Ana nan, ranar kasuwa da safe Babagana ya shigo gaishe shi. Babagana mutum ne mai saurin baki, abin da ya ji shi yake faɗa.

"Yaya, Alhaji Muhsinu ya iso daga Damagaram da motocinsa, yana tambayarka."

Alhaji Muhsinu shi ne babban mai sayen tattasan Ajimi, kuma abokin wasansa ne.

"Me ya ce?"

"Wasa ne dai. Wai ya ji labari likitoci sun zare ƙarfen, yanzu hancin auduga gare ka. Kasuwa duk ta ɗauka."

 Babagana yana fita Ajimi ya miƙe, ya ɗauko farar babbar riga da rawani. Meram ta tare ƙofa.

"Baban Bushra, ina za ka?"

"Gaisawa kawai zan yi in dawo."

"Likita ya ce ko hanyar kada ka bi. Ni ma ina wurin, da kunnena na ji."

"Likita ya san Diffa ne? In na bari sunan nan ya zauna, har jikokina da shi za a kira su."

"To su kira mana. Shi suna ciwo ne?"

Ya ratse ta. Ta bi shi har zaure ta tura masa takunkumin rufe hanci a hannu. Ya karɓa, yana shan kwana ya cusa shi a aljihu. Wai Hancin Ƙarfe da takunkumi a kasuwar tattasai, ai gara ma bai zo ba.

Tun daga bakin kasuwa ya ji abin da bai taɓa ji ba. Iskar wurin tana da kaifi. Hancinsa ya fara ƙaiƙayi, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi a nan ya kamata ya juya, kuma zuciyarsa ta gaya masa hakan. Sai dai an riga an gan shi, ana ta ɗaga masa hannu ana yi masa barka da arziki.

Alhaji Muhsinu ya taso ya rungume shi. "Ka ga mutumin. To, ƙarfen yana nan ko an bar shi a Damagaram?"

"Yana nan daram."

"Ai ba a musu a kasuwa." Alhaji ya kwance bakin wani buhu, ya tura hannu ya murtsuke tattasan har ƙura ta tashi. "Bisimilla."

Mutane suka kewaye su. Babagana ya matso ya yi ƙasa da murya. "Yaya, don Allah bari." Ajimi ya ture hannunsa, ya sunkuya, ya cusa fuska, ya ja.

Shekarun nan duka yana noma tattasai, sai ranar ya san abin da yake nomawa. Kamar an zuba masa garwashi daga hanci har ƙwaƙwalwa. Atishawa ta taso tun daga ƙirji, irin wadda ba ta shawara. Ya tuna maganar likita sarai, buɗe baki. Ya kuma tuna idanun da ke kansa. Sai ya kama gefen rawani kamar mai share gumi, ya matse hanci da yatsu biyu, ya datse baki.

Atishawar ta fashe a ciki. Ya ji wani abu ya yi ƙas a gefen idonsa na hagu.

Ya ɗago yana murmushi, a zatonsa ya ci. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi tafi. Alhaji Muhsinu ya ja da baya, bakinsa a buɗe, sai salati yake yi a hankali.

"Mene ne?" in ji Ajimi.

Babagana ya nuna shi da yatsa. "Yaya, idonka."

Ya kai hannu. Inda ya san ido yake, sai ya taɓa wani ƙullutu kamar ƙwan agwagwa, fatar ta rufe ruf. Da ya danna, sai ya ji tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsa kamar busasshen tattasai. Ya duba ƙirjinsa da ɗaya idon, jini yana ɗiga a kan farar riga, ɗigo yana bin ɗigo. Ya tafi zai faɗi, aka tare shi.

Babagana ya ce a wuce asibiti. Ku ji abin da mutumin nan ya ce, a cikin wannan hali.

"Kai ni gida. Ka bi ta baya. In aka gan ni haka a asibiti, gobe gari ya ɗauka."

Ya shige ɗakin zaure ya kwanta, ya hana a gaya wa Meram, wai kumburin zai saɓe. Bai saɓe ba. Idon ya riƙa turowa waje, zafi yana sara kamar ana buga ƙusa. Sai bayan azahar Babagana ya kasa daurewa ya kira ta.

Meram ta ɗaga labule ta gan shi. Kwanon da ke hannunta ya faɗi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce na gaya maka ba, wayarta ta ɗauko ta kira Dokta Nuraddin. Ajimi yana jin muryar likitan daga inda yake kwance.

"Tun yaushe? Tun safe? Ku tafi asibitin da ya fi kusa yanzu, ko takalmi kada ku tsaya nema."

A asibitin Diffa aka tsayar da jinin, aka ɗan tsaga gefen idon don a rage matsi, aka sa shi a motar asibiti sai Damagaram. Doguwar hanyar nan ta Maine-Sorowa, Meram tana riƙe da kansa, shi kuwa addu'a ɗaya yake maimaitawa, Allah ya bar masa idonsa.

Aka sake shiga da shi ɗakin aiki. Da kumburin ya sauka, Dokta Nuraddin ya zo da likitan ido, suka zaunar da shi. Dokta Nuraddin ya yi masa bayani ba tare da faɗa ba. Iskar da ya hana fita ta fasa ɗan siririn ƙashin nan, ita da jini suka taru a bayan ido suka danne jijiyar gani. Jijiyar nan ba ta jure matsi na dogon lokaci.

"Da an kawo ka da safen, da ina da abin da zan ce maka. Yanzu sai mun gwada."

Likitan ido ya rufe masa idon dama da tafin hannu. "Buɗe na hagun. Gaya mini abin da kake gani."

Ajimi ya buɗe. Ya jira. Ya ji ɗumin wani abu kusa da fuskarsa, ya ji numfashin likitan.

"To, ku kunna fitilar mana," in ji shi.

 Sai ya ji Meram ta ja numfashi, ta fashe da kukan da ta riƙe tun daga Diffa. Fitilar a kunne take, tana haska tsakiyar idonsa.

Darasi: Aikin hanci ba abin tsoro ba ne, mutane da yawa an yi musu sun warke sun koma harkokinsu lafiya. Amma rabin warkewa yana hannun mai jinya. Abin da likita ya hana, bar shi ko da duk gari zai yi maka dariya, kuma in ka ga alamar haɗari kada kunya ta zaunar da kai a gida. Masu tsokanarka za su manta kafin kasuwa ta sake ci, kai ne za ka rayu da abin da girman kai ya jawo maka. Ku tura wa duk wanda kuka san an yi masa aiki ko ana shirin yi masa, wataƙila ku ne sanadin tsira da idonsa.