Aljanin da Ya Bar Tsamiya

An ce a wani gari na bakin kogi an yi wani Sarkin Ruwa mai suna Mantau, wanda ruwa ya ci ɗansa ranar su, wato kamun kifi. Sati guda bai yi kuka ba, nema kawai yake a ce masa ga wanda ya yi. Ya sa aka kira wasan bori, iska ta hau wata mata Tabawa, aka watse ana cewa ƙanensa Nomau ne ya yi. Mantau ya rantse kafin la'asar zai ƙwace jirgin Nomau ya kore shi daga garin.

Da hantsi sai ga tsoho Jatau, makaɗin garayar da ya yi kiɗan ranar. Ya zauna yana ɗaure tsirkiya, ya nemi izinin ba da labari. Mantau ya ce ya gaggauta.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, da ƙuruciyata na yi wa wata Inna Cindo kiɗa. Ita in iska za ta zo, wai sanyi take fara ji a ƙeya, muryoyin mutane su yi nisa kamar daga ƙasan rijiya, shi ke nan ba ta ƙara sanin komai. Sai ta yi atishawa iskar ta sauka, ta dube mu ta ce, me ya ce?

"Wata rana wani marini ya zo, baban da yake rini da shi ya ƙi kama zane. Iska ta hau, ta yi 'yan maganganu, ta sauka. Inna ta tambaya, kafin mu buɗe baki marinin ya ce ai maƙwabcinsa aka ambata. Ni kuwa ina gaba, ban ji ba. Ya ce zai kawo rago in ta tabbatar. Inna ta ce ya riƙe ragonsa ya ji labari.

"Ta ce an yi wani aljani a wata tsamiya, mai gaskiya, wanda mutane ke zuwa tambaya. In ya ce wa mutum gyara rumbunka, sai mutumin ya koma gida ya ce an ambaci surukinsa. Aljani ya gaji ya yi shiru, iska kawai ke kaɗa ganye. Sai sunansa ya ƙara tashi, don yanzu ba ya musa wa kowa. Da baƙin ciki ya ishe shi ya kwashe 'ya'yansa ya yi ƙaura. Ta ce shekara arba'in ke nan, har yau ana zuwa tsamiyar, kuma ba wanda ya taɓa dawowa ba amsa. Ta ce masa, kai ma da sunan ka zo a aljihu, bakina kake son ara.

"Marini ya yi fushi, ya sami wadda ta karɓi ragon. Ya yi ta fitinar maƙwabcin har ya tashi daga garin. Baba bai gyaru ba. Daga baya aka gane tokar da yake saye ce gaurayayya. Ya canza toka, amma maƙwabci ya riga ya mutu a garin mutane."

Mantau ya ce marini daban, shi daban, shi ɗa ya rasa. Jatau ya ce haka ne, ya kuma tambaye shi wa ya fara furta sunan Nomau a filin nan.

Mantau ya tuna kansa durƙushe gaban Tabawa yana cewa, Nomau ne ko?

Jatau ya ce, "Da ta yi atishawa, ranka ya daɗe, tambaya ta yi ko bayani?"

Bayani ta yi. Har gida ta biyo shi tana ƙara masa abin da iskar ta ce, da wanda ta so cewa lokaci bai ba ta ba.

Jatau ya ce shi dai shekara hamsin yana kiɗa, bai taɓa ganin wadda aka hau da gaske ta tashi da labari ba. Bai ce iska ba ta zo ba, don ya ji muryar ta sauya na ɗan lokaci. Amma abin da ya biyo bayan atishawa na Tabawa ne, ita kuwa fuskar Sarki take karantawa.

Mantau ya daɗe yana kallon kogin. Ya tuna kwana uku Nomau yana nutso yana neman gawar, har kunnensa ya yi jini. A hankali ya ce, "Baba Jatau, kai da ke gaba, me ka ji ta ce?"

"Cewa ta yi ruwan bana da ƙarfi. Iyakarta ke nan."

Nan Sarkin Ruwa ya rufe fuska da hannun riga, ya yi kukan da ya riƙe sati guda. Da ya share ido ya ce ya ji, ya kuma karɓa. Bai aika a kira Nomau ba, shi ya tashi ya nufi mashigi da ƙafarsa. Ya tarar da ƙanen ya ɗaure kayansa, yana zaune cikin jirgi yana jiran la'asar. Mantau ya shiga ya zauna kusa da shi, ya fara kwance ƙunshin da hannunsa.