Gahawar da Kande Ta Soya wa Yayanta

Dalilin da ya sa gahawa ba ta tsirowa a ƙasarmu, sai dai a kawo mana ita baƙa ƙirin, a soye, shi zan faɗa muku. Ke Lantana, ajiye kofin kakanki, ba ta yara ba ce. Labarin nan ba daɗi gare shi ba, ni kaina ba na son ba da shi.

A da can, gahawa a nan take. 'Ya'yanta jajaye ne, yara na tsinka suna tsotsa saboda zaƙi. Abu ɗaya ne ba ta so: rana. Sai a inuwar babban itace take rayuwa.

Akwai wani manomi da ya mutu ya bar 'ya'ya biyu, Jatau da ƙanwarsa Kande. Da aka zo rabon gado, Jatau ya sami gonar gahawa, Kande kuma aka ba ta ɗorawar da ke tsakiyar gonar. Haka ake yi, ƙasa ta wani, itace na wani. Kande mijinta ya rasu, da kalwar ɗorawar nan take yin daddawa tana ci da marayunta.

To, Jatau mutum ne mai baƙin rai, Allah ya raba ku da irinsa. Ganin Kande da yaranta a cikin gonarsa ya tsaya masa a wuya.

Ya ce, "Kullum kuna tattake mini shuka. Sare itacen nan zan yi."

Kande ta durƙusa. "Haba Yaya! Ita ce abincin yaran nan. Don Allah ka bar mana ita. Ko gahawar taka ai inuwarta take sha."

"Ke za ki koya mini noma?"

Ya ɗauko gatari. Tana kuka, yara na kuka, ya yi ta sara har ɗorawa ta faɗi rim! Wallahi duk sanda na zo nan sai zuciyata ta yi zafi.

Rana kuwa ta sami hanya. Ganyen gahawa ya yi yaushi, ya ƙone, ya zube. Jatau ya yi ta jido ruwa, ina! Ko ɗaya ba ta tsira ba.

Kande dai ta tsince 'yan ƙwayoyin da suka rage a ƙasa, ta ƙulle a bakin zane, ta kwashi yaranta ta yi kudu. Ƙaraminsu bai kai ba, a hanya ta binne shi. Ta hau wasu duwatsu masu sanyi da hazo, ta shuka a ƙarƙashin manyan itatuwa, gahawa ta kama.

Jatau ya tsufa a busasshiyar gona, shi kaɗai. Ya aiki fatake: "Ku ce wa Kande ta dawo. In ba za ta dawo ba, ta aiko mini da iri."

Fatake suka komo da ƙunshi. Jatau ya kwance ƙunshin, sai ga ƙwayoyi baƙaƙe, an soye su ƙurmus.

Suka ce, "Ta ce a gaishe ka. Ta ce ka dafa ka sha, amma ba za ka shuka ba."

Duk da haka ya shuka, ya yi ta ban ruwa, shiru. Ya dafa sauran ya kurɓa, ɗaci ya cika masa baki, ya zauna a kan kututturen ɗorawar yana hawaye. Har ya mutu bai sake ganin ƙanwarsa ba.

Shi ya sa har yau gahawa sai kan duwatsu, sai inuwa. Mu kuwa a soye take iso mana, da ɗacinta, ko kun binne ta ba za ta fito ba.