Karnukan Jatau Mai Lambu

An yi wani tsohon tela, Malam Mantau, da ciwon daji ya kama shi a huhu. Duk mako uku yakan zo asibiti a ɗaura masa ruwan magani, shi kaɗai, ba mai riƙe masa ko buta. In 'yarsa Ladidi ta bugo waya daga gidan aurenta, sai ya ce, "Lafiya lau." Ran nan hoto ya nuna ƙarin da ke huhunsa ya daɗa girma. Likita ya ce a jira hoto na gaba, amma Mantau ya riga ya ƙudura ba zai sake dawowa ba.

Yana zaune bakin taga, kaɗaici ya ishe shi, sai wani ƙadangare da ya tsufa yana sauraron likitoci ya gyaɗa kai ya ce, "Malam, ka san labarin Jatau mai lambu?"

Mantau ya ce, "Yau kuma ƙadangare ne abokin hirata? To, faɗi."

Ƙadangare ya ce, "Jatau na da karnuka bakwai, amma kullum ana kwashe masa albasa. Ashe ɓarawon ƙashi yake jefa musu, har suka ɗauke shi ɗan gida. Jatau ya samo maganin da ya sa suka ƙi ƙashin. Washegari ya ji hayaniya a lambu, ya ce, 'Shi ke nan, ɓarayi sun ƙaru, na bar musu.'

"Maƙwabciyarsa Kande ta ce, 'Tsaya ka ji labarin Asabe. Wuta ta kama mata ɗaki, maƙwabta suka ga hayaƙi suka tambaya, kunya ta sa ta ce girki take yi. Sai da wuta ta ci rabin jinka sannan Asabe ta yi ihu. Gida ya cika maƙil, har wani mai wucewa ya fara salati, wai abin ya ɓaci. Ashe masu guga ne. Je ka duba kafin ka gudu.'

"Jatau ya je, ya tarar karnukansa ne suka rutsa ɓarawo.

"Malam, ƙarin nan lallaɓa masu gadin jikinka yake yi, yana ce musu lafiya lau. Shi kuwa ruwan maganin tashinsu yake yi, kuma wani lokaci taruwarsu ce ke kumbura wurin. Ban ce lalle haka ne ba, hoto na gaba zai faɗa. Amma kai, wa ka tasa?"

Mantau ya ciro waya, ya kira 'yarsa.

Ladidi ta ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Ba lafiya ba, 'yata. Ranar Talata ki zo ki raka ni."